Tarihin Danna Wuyan Hannu Don Sauƙaƙa Laulayin Ciki: Daga Ƙasar Sin Zuwa Belfas

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe da dama na duniya, mace mai ƙaramin ciki takan shiga kantin magani ta sayi wata 'yar munduwar roba mai ƙullutu daga ciki, ta sa a wuyan hannu domin ta sami sauƙin tashin zuciya. Masu sayar da munduwar sukan ce dabara ce ta Sinawa wadda matansu suka shekara dubbai suna amfani da ita. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, saboda haka wannan da'awa ta tsufa ita ce babban jarin masu tallar.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan da'awa. Za a nuna cewa gurbin da ake dannawa tsoho ne ƙwarai a littattafan Sinawa, amma danganta shi da laulayin ciki, da kuma shaharar da ya yi a duniya, al'amura ne da suka biyo baya da nisa. Za a ga cewa abubuwa uku ne suka haɗu suka ɗaukaka shi a ƙarni na 20, watau gyaran fuskar da Sinawa suka yi wa maganinsu na gargajiya, da tsoron shan ƙwayoyi da ya kama mata masu ciki a Turai da Amurka, da kuma gwaje-gwajen wani likita a birnin Belfas na Ailan ta Arewa. Sanin wannan tarihi yana da amfani, domin shi zai nuna inda dabarar take taimakawa da inda dogaro da ita kaɗai zai iya jefa mace cikin hatsari.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Laulayin ciki, a wannan maƙala, yana nufin tashin zuciya da amai da ƙyamar abinci waɗanda kan sami mace a watannin farko na juna biyu. Likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin mata 7 cikin 10 sukan yi fama da shi. Yakan fara kafin mako na 9, kuma ga yawancin mata yakan lafa tsakanin mako na 16 da na 20. Akwai kuma mai tsanani, wanda yakan sami abin da bai wuce mata 3 cikin 100 ba, inda mace ba ta iya riƙe ko da ruwa a cikinta.

Sinawa suna da hanyoyi uku na taɓa wasu gurabe da suka ƙayyade a jikin ɗan Adam. Ta farko ita ce tsira siririyar allura. Ta biyu ita ce ƙona busasshen ganyen wani tsiro dangin tazargade a kan fata ko kusa da ita. Ta uku ita ce dannawa da yatsa, wadda wani reshe ce na tausar gargajiyarsu. A nan za a riƙa kiran ta farko sukar allura, ta biyu ƙuna, ta uku kuma dannar gurbi.

Ita kalmar Ingilishi da ake kiran dannar gurbi da ita, watau akufuresha, ba don wannan aiki aka ƙirƙire ta ba. James Young Simpson, likitan haihuwa na birnin Edinbara, shi ya yi amfani da ita a 1859 don wata dabarar tsayar da jini a lokacin tiyata, inda ake danne jijiyar jini da allura, har ya wallafa littafi a kanta a 1864. Sai a ƙarni na 20, bayan an daina wannan dabara, aka ari kalmar aka laƙaba wa tausar Sinawa.

Gurbin da ake magana a kai sunansa Neiguan, ma'ana mashigar ciki ko ƙofar ciki. Yana a cikin hannu, faɗin yatsu uku daga layin wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu, a tsakanin wasu agara guda biyu da kan fito fili idan mutum ya dunƙule hannunsa. A rubuce-rubucen zamani ana kiransa P6 ko PC6.

3.0 Neiguan a Tsofaffin Littattafan Sin

Tushen maganin Sinawa shi ne imanin cewa akwai wani kuzari, wanda suke kira qi, da yake zagaya jiki ta wasu magudanai, kuma cuta takan samu ne idan ya toshe, ko ya yi yawa, ko ya ƙaranta, ko ya juya baya. Tsofaffin rubuce-rubucen da suka yi bayanin magudanan nan sun haɗa da waɗanda aka tono a 1973 a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, daga wani kabari da aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya. Rubuce-rubucen sun lissafa magudanai 11, sun kuma yi maganar ƙuna, amma ba su ambaci sukar allura ba, ba su kuma jera gurabe da sunayensu ba. Wannan ya nuna cewa tsarin gurabe da aka sani a yau bai kai shekarun da masu talla suke ba shi ba.

Sunan Neiguan ya bayyana a Lingshu, ɗaya daga sassa biyu na littafin Huangdi Neijing, wanda masana suke ganin an harhaɗa shi a zamanin daular Han, tsakanin ƙarni na 2 da na 1 kafin Miladiyya. Littafin ya siffanta wurin daidai yadda aka san shi a yau, ya kuma ɗora shi a kan magudanar da ke da alaƙa da marufin zuciya. Abin lura shi ne, ciwon da ya danganta da gurbin a wannan wuri shi ne ciwon zuciya. Bai ambaci amai ba, balle laulayin ciki.

A ƙarni na 3 na Miladiyya Huangfu Mi ya tsara ilmin sukar allura a littafinsa Zhenjiu Jiayi Jing, inda ya lissafa gurabe 349. A 1026 kuma Wang Weiyi, likitan fadar daular Song, ya rubuta jagoran gurabe, aka kuma zuba mutum-mutumi biyu na tagulla a 1027 masu ɗauke da hudojin guraben domin koyar da ɗalibai. Ta haka ne matsayin kowane gurbi ya tabbata a hukumance.

Alaƙar Neiguan da tumbi ta fito fili ne a ƙarni na 13, lokacin da Dou Hanqing ya yaɗa koyarwar wasu gurabe 8 da ya ɗauka manya, waɗanda ake haɗa su biyu-biyu. An haɗa Neiguan da wani gurbi na ƙafa mai suna Gongsun, aka ce su ne masu kula da zuciya da ƙirji da tumbi, kuma amai yana cikin cututtukan da aka jera a ƙarƙashin Neiguan. Wannan koyarwa ta shiga babban kundin Yang Jizhou mai suna Zhenjiu Dacheng na 1601. Ke nan an yi fiye da shekara dubu tsakanin ambaton gurbin na farko da kafuwarsa a matsayin maganin amai. A fahimtar Sinawa, amai kuzarin tumbi ne da ya kamata ya gangara amma ya juyo sama, kuma aikin gurbin shi ne mayar da shi ƙasa. Mai jin Hausa ba zai sha wuyar gane wannan siffantawa ba, tun da shi ma tashin zuciya yake cewa.

4.0 Yadda Likitocin Sin Na Da Suka Bi da Laulayi

Likitocin Sin sun san laulayin ciki tun da daɗewa, sai dai ba wuyan hannu suka dosa da shi ba. Zhang Zhongjing, wanda ya rayu a ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200, ya keɓe babi guda don cututtukan masu ciki a littafin da aka sani da Jingui Yaolue. Maganin da ya ba mai cikin da amai ya ƙi tsaya mata shi ne ƙwaya da aka haɗa da busasshiyar citta da saiwar jinsen da wata saiwa mai suna banxia. A 610 Chao Yuanfang, a littafinsa na asalin cututtuka da alamominsu, ya siffanta laulayi da sunan ezu, sunan da likitocin gargajiyar Sin suke amfani da shi har yanzu.

Game da allura kuwa, littattafan nan kashedi suka fi yi. Tarihin daulolin kudancin Sin ya kawo labarin wani likita na ƙarni na 5, Xu Wenbo, wanda aka ce ya zubar da cikin wata mace ta hanyar sukar magudanai biyu, ɗaya a hannu ɗaya a ƙafa. Likitocin baya sun ɗauka guraben su ne Hegu da Sanyinjiao, shi ya sa har yau ake hana taɓa su ga mai ciki.

Jikan wannan likita, Xu Zhicai, na ƙarni na 6, shi ake danganta wa wani tsari na renon ciki wata bayan wata, wanda Sun Simiao ya adana a littafinsa Beiji Qianjin Yaofang wajen 652. Bisa ga tsarin, kowane wata akwai magudanar da ke ciyar da tayi, kuma ba a yarda a soke ta da allura ko a yi mata ƙuna a wannan wata ba. Magudanar wata na uku ita ce ta marufin zuciya, watau wadda Neiguan yake a kanta. Wata na uku kuwa shi ne lokacin da laulayi ya fi tsananta ga mata da yawa. Gaskiya ne hanin ya shafi allura da ƙuna ne, bai ambaci yatsa ba. Duk da haka ya isa shaida cewa a wajen manyan likitocin daular Tang, wuyan hannun mace mai cikin wata uku wurin taka-tsantsan ne. Abin da suka fi dogara da shi don laulayi shi ne tsimi da ƙwayoyin saiwoyi, musamman citta.

5.0 Faɗuwa da Farfaɗowa

Darajar sukar allura ta yi ƙasa a zamanin daular Qing, har a 1822 Sarki Daoguang ya ba da umurni a cire ta daga makarantar likitocin fada. A watan Fabrairu na 1929 majalisar lafiya ta gwamnatin Nanjin ta amince da shawarar Yu Yunxiu ta kawar da maganin gargajiya baki ɗaya. Masu sana'ar suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris na shekarar, aka jingine shawarar.

Wannan barazana ta sa masu kishin sana'ar suka yi mata gyaran fuska. Cheng Dan'an (1899-1957) ya sake bayanin gurabe bisa ilmin ƙirar jiki na zamani, ya danganta su da jijiyoyin saƙo, ya kuma yaɗa amfani da allurai sirara. Bayan kafuwar gwamnatin Kwaminis a 1949, ƙarancin likitocin zamani ya sa hukuma ta rungumi maganin gargajiya. A 1956 aka buɗe kwalejojinsa a Bejin da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, aka rubuta sababbin littattafan koyarwa masu tsari guda. Daga 1968 aka baza ma'aikatan lafiyar karkara, waɗanda ake kira likitoci marasa takalmi, da ɗan horo kan gurabe kaɗan masu sauƙin ganewa. Neiguan yana daga cikin guraben da suka dace da irin wannan koyarwa, domin ba ya da wuyar samu, ba ya kuma bukatar a tuɓe tufa.

Turawa sun daɗe da jin labarin sukar allura. Willem ten Rhijne, likitan kamfanin cinikin Holan wanda ya zauna a Japan, ya wallafa bayaninta a London a 1683, George Soulié de Morant kuma ya yaɗa ta a Faransa a shekarun 1930. Amma abin da ya buɗe mata ƙofa sosai shi ne rahoton James Reston a jaridar New York Times a watan Yuli na 1971, inda ya ba da labarin yadda aka yi masa tiyata a Bejin, sa'an nan aka yi masa sukar allura don ciwon da ya biyo baya. Ziyarar Shugaba Nixon a Fabrairu na 1972 ta ƙara wa abin armashi, likitocin Turai da Amurka suka yi ta tururuwa zuwa Sin domin ganin ido.

6.0 Tsoron Ƙwaya

Sha'awar al'adun Sin kaɗai ba za ta isa ta kai wannan dabara ɗakin awon ciki ba, ba don wani bala'i da ya auku a Turai ba. A 1957 kamfanin Chemie Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fara sayar da ƙwayar talidomaid da sunan Contergan a matsayin maganin barci marar illa, aka kuma riƙa ba mata masu laulayi. Ba da jimawa ba aka fara haihuwar jarirai da guntayen hannuwa da ƙafafu. A ƙarshen 1961 Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostareliya suka danganta nakasar da ƙwayar, aka janye ta daga kasuwa. An ƙiyasta cewa jarirai fiye da 10,000 abin ya shafa a ƙasashe fiye da 40. Amurka ta tsira daga mafi yawan ɓarnar saboda Frances Kelsey, jami'ar hukumar kula da abinci da magunguna, ta ƙi amincewa da ƙwayar.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Tun daga nan mata da likitoci suka shiga ɗari-ɗari da kowace ƙwaya a watannin farko na ciki. Tsoron ya faɗa a kan Bendectin, wanda aka fara sayarwa a 1956, kuma ya ƙunshi dokisilamin da bitamin B6. An yi ta kai kamfanin Merrell Dow ƙara kotu bisa zargin nakasa jarirai, kuma ko da yake bincike bai tabbatar da zargin ba, kuɗin shari'a ya sa kamfanin ya daina yin maganin a 1983. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa yawan haihuwar nakasassu bai ragu ba, amma yawan matan da ake kwantarwa a asibitocin Amurka saboda amai ya kusa ninkawa. Sai a 2013 hukumar Amurka ta sake amincewa da wannan haɗi da sunan Diclegis. Watau shekara 30 aka yi a can babu wata ƙwaya da hukuma ta keɓe don laulayi. A irin wannan hali, rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma dabarar da ba ta shiga jini ta sami kasuwa a buɗe.

7.0 Gwaje-gwajen Belfas

John Dundee (1921-1991) shehun malami ne na ilmin sa barci don tiyata a Jami'ar Queen's ta Belfas, kuma ya daɗe yana nazarin aman da kan biyo bayan tiyata. A 1983, shekarar da aka janye Bendectin, ya ziyarci ƙasar Sin, inda ya ga ana koya wa mata masu ƙaramin ciki danna wuyan hannunsu. Da ya koma gida sai ya ƙudura gwada abin bisa ƙa'idar binciken zamani.

Ya fara da matan da aka yi wa ƙananan ayyukan tiyata, ya wallafa sakamako a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya a 1986, inda ya nuna cewa sukar Neiguan ta rage musu amai. A 1988 shi da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da ya shafi laulayi. An raba mata 350 kashi uku. Kashi na farko suka riƙa danna Neiguan, na biyu suka riƙa danna wani gurbin ƙarya kusa da gwiwar hannun dama, na uku ba su yi komai ba, kowace kuma tana rubuta halin da take ciki har kwana 4 a jere. Laulayi mai damuwa ya sami mata 23 cikin 119 a kashi na farko, da 41 cikin 112 a na biyu, da 67 cikin 119 a na uku.

Waɗannan alƙaluma suna ɗauke da darasi biyu. Na ɗaya, masu danna gurbin gaskiya sun fi kowa samun sauƙi. Na biyu, masu danna gurbin ƙarya su ma sun fi waɗanda ba su yi komai ba nesa ba kusa ba, abin da ke nuna cewa sa rai da samun sauƙi yana da nasa tasiri. Masu binciken da kansu sun yarda da haka, sun kuma bayyana cewa matan kashi biyu na farko ba su dawo da cikakkun takardunsu kamar na kashi na uku ba. Wannan gibi ne babba, domin mai yiwuwa ne wadda ba ta ga amfani ba ita ce ta fi saurin watsar da takardar.

Dundee ya ƙara gano abubuwa biyu masu muhimmanci. Idan an soki gurbin bayan mutum ya riga ya yi nisa cikin barcin tiyata, ba a cika ganin amfani ba. Haka kuma, a rahoton da ya fito a 1991, an nuna cewa idan an kashe wurin da allurar kashe zafi, tasirin yakan ɓace. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa abin da ake taɓawa shi ne babbar jijiyar saƙo da ta ratsa tsakiyar hannu a ƙarƙashin gurbin, wadda take kai saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa. A wannan lokaci ne kuma munduwar roba, wadda aka fara sayarwa don masu tashin zuciya a jirgin ruwa, ta koma hannun masu ciki.

8.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar

Gwaje-gwajen da suka biyo bayan na Belfas ba su yi magana da murya ɗaya ba. Na De Aloysio da Penacchioni a Italiya a 1992, kan mata 60, ya goyi bayan dabarar. Na Belluomini da abokan aikinsa a Amurka a 1994 ya sami raguwar tashin zuciya, amma yawan amai bai sauya ba. Na O'Brien da abokan aikinta a Kanada a 1996, kan mata 161, bai sami wani bambanci ba tsakanin gurbin gaskiya da na ƙarya da rashin dannawa. A wannan shekara Andrew Vickers ya tattara gwaje-gwaje 33 kan Neiguan da amai iri-iri, ya nuna cewa in an ware 4 da aka yi cikin barcin tiyata, 27 daga 29 da suka rage sun nuna amfani. A Nuwamba na 1997 taron masana da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka kira ya yanke cewa hujja ta bayyana game da aman bayan tiyata da na maganin sankara, amma game da laulayi sai ya tsaya a kan cewa mai yiwuwa ne.

Dalilan wannan saɓani ba ɓoyayyu ba ne. Laulayi yakan lafa da kansa, saboda haka duk abin da mace ta yi a mako na 12 zai iya cin yabon da ba nasa ba. Tashin zuciya kuma abu ne da mai shi kaɗai ke ji, ba a auna shi da ma'auni. Sa'an nan yana da wuya a ɓoye wa mace ko gurbin gaskiya take dannawa, tun da bayaninsa ya bazu ko'ina. Shi ya sa bitar ƙungiyar Cochrane ta 2015, wadda ta duba gwaje-gwaje 41 kan mata 5,449 game da magungunan laulayi dabam-dabam, ta kammala da cewa hujjar da ke goyon bayan danna Neiguan taƙaitacciya ce. Hukumar tsara ƙa'idojin jiyya ta Ingila, a jagoranta na 2021, ta yarda a gwada shi a matsayin ƙari a kan sauran magani.

A ɗaya ɓangaren, ilmin musabbabin laulayin kansa ya ci gaba. Binciken Marlena Fejzo da Stephen O'Rahilly da abokan aikinsu, wanda mujallar Nature ta buga a Disamba na 2023, ya nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, wanda mabiyiya take zubawa cikin jinin uwa, shi ne babban mai tayar da cibiyar amai a ƙwaƙwalwa, kuma macen da jikinta bai saba da shi ba kafin ciki ita ta fi shan wuya. Wannan ya rushe tsohon zargin da wasu likitocin Turai suka daɗe suna yi cewa laulayi mai tsanani raki ne ko ƙin cikin.

A nan ne iyakar dabarar take. Matar da amai ya hana ta riƙe ruwa, ko fitsarinta ya ƙaranta, ko ta rame har ta rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinta, tana bukatar ƙarin ruwa da bitamin B1 da maganin tsayar da amai a asibiti. Kafin a sami ƙarin ruwa ta jijiya wannan ciwo yana kisa, kuma likitoci da dama suna ganin shi ne ajalin marubuciyar Ingila Charlotte Brontë a 1855. Munduwa ba ta mayar da ruwan da jiki ya rasa.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa tarihin wannan dabara hawa-hawa ne. Sunan gurbin da matsayinsa sun kai shekara 2,000. Danganta shi da amai ya kafu ne wajen ƙarni na 13. Likitocin daular Tang sun hana sukar magudanarsa a wata na uku na ciki, sun fi son citta da saiwoyi. Koya wa mata danna shi da kansu ya yaɗu ne a Sin ta ƙarni na 20, shahararsa a duniya kuwa ta biyo bayan talidomaid da janye Bendectin da gwajin Belfas na 1988. Har lambar PC6 da ake kiransa da ita ta samu gindin zama ne da tsarin sunaye na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda aka buga a 1991.

Ga mai nazarin al'adu, darasin shi ne cewa abin da ake kira gargajiya yakan kasance gini ne da kowane zamani ya ɗora masa tubali, kuma bukatar mutanen zamanin ita ke zaɓen abin da za a ɗauko daga taskar magabata. Ga mace mai laulayi kuwa, abin da bincike ya ba da dama a faɗa shi ne: dannar Neiguan ba ta da tsada, ba a san ta da wata illa ba in ban da ɗan ja ko kumburin fata, kuma wasu mata sukan sami sauƙin tashin zuciya da ita. Ta cancanci a gwada ta ga laulayi mai sauƙi. Idan amai ya tsananta, asibiti ne wurin zuwa.